Magana Ta Ɗauke, Hankali Na Nan

  Ina gaida mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa. Ina gaida na Babura, har ƙauyukan da ke bakin iyakarmu da Nijar. Na cikin gida, da na shago, da direban da ke kan hanyar Daura, kowa ya ba ni aron kunnuwansa.

Yau zancenmu a kan masu shanyewar ɓarin jiki ne. Hannu da ƙafa kowa na ganinsu, kowa na tambayar lafiyarsu. Ni a kan magana zan tsaya.

Da wuya a sami unguwar da babu irin wannan gida. Mutum ya kwanta lafiya lau. Gari ya waye baki ya karkace, hannun dama ya saki. Aka kai shi asibiti, da yake da sauran shan ruwa, aka dawo da shi gida. Bayan 'yan watanni ya fara dogara sanda. 'Yan dubiya na cewa, "Alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau." To, magana fa? Yana son ya ce ruwa, sai ya ce wuta. Yana son ya kira autarsa, sunan ya ƙi zuwa. Wani kalma ɗaya tak ta rage masa, ita yake ta nanatawa. Wata kuwa zuba take ta yi, amma ba mai gane kan zancen.

Likitoci na kiran wannan lalura afeziya. Mu a gida cewa muke maganarsa ta ɗauke, ko harshensa ya karye. Masana sun ƙiyasta cewa cikin mutum uku da suka sami shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya na gamuwa da ita. Kun ga ashe ba ƙaramin abu ba ne.

Abu guda nake so ku riƙe a zancen nan. Magana ce ta ɗauke, hankalin na nan. Kuma maganar ana koyar da ita, tana iya dawowa.

Bari mu fara da asalin ciwon.

Magana ba a harshe take farawa ba. A ƙwaƙwalwa take farawa. Ga mafi yawan mutane, wurin da ke haɗa kalmomi yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Wannan ɓangare na hagu kuma shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama. Shi ya sa za ku lura, wanda ɓarinsa na dama ya shanye shi ya fi samun matsalar magana. Idan jijiyar jini ta toshe a wurin, ko ta fashe, sai wurin ya lalace. Haɗarin mota ko na babur ma yakan jawo haka, idan kai ya bugu. Ƙari a ƙwaƙwalwa ma yakan jawo.

An daɗe da gano wannan. A shekarar 1861, wani likita a birnin Faris na Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majiyyaci. Mutumin ya shekara fiye da 20 ba ya iya furta komai sai "tan". Ko me aka tambaye shi, "tan" zai ce. Amma yana gane abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannu. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga lahanin a gaba ta gefen hagu. A 1874 kuma wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana ɗaya nau'in. Shi nasa majiyyatan maganarsu na fita tiryan-tiryan, sai dai kalmomin a hautsine suke, kuma gane zancen mutane na yi musu wuya.

Duka biyun muna da su a garuruwanmu. Na farkon ana ce masa ya zama bebe. Na biyun kuwa, abin takaici, shi ake cewa ya taɓu. Jama'a, bai taɓu ba. Ya san gidansa. Ya san matarsa da 'ya'yansa. Ya san wanda ya kyautata masa da wanda ya wulaƙanta shi. Kalmomi ne suka rikice masa, shiga da fita. Lalurar takan taɓa karatu da rubutu ma. Malamin da ya shekara 40 yana rubuta allo sai ya kasa haɗa baƙi. Ɗan kasuwar da lissafi ke kansa sai ya kasa faɗin kuɗin kwano ɗaya na gero, alhali ya san kuɗin.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai maganar da ba ta jira.

Na san abin da ake fara cewa idan mutum ya yanke jiki ya faɗi. A ce iska ce. A ce jifa ne. A yi ta hayaƙi da tofi har rana ta faɗi. Ni ba na raina addu'a, kuma ba zan ce wa kowa ya bar ta ba. A yi addu'ar a cikin mota, ana tafiya asibiti. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to a tashi nan take. Ko cikin dare ne. Kowace sa'a aka ɓata, ƙwaƙwalwa na ƙara lalacewa. Kuma don Allah kada a ɗura masa komai a baki. Ko ruwa, ko koko, ko rubutu. Sau da yawa haɗiya ma takan sami matsala, abin ya wuce huhu, ya zama wani ciwon. A bari ma'aikacin lafiya ya duba haɗiyar tukuna.

Babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki kuwa hawan jini ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka fitar a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Awon jini ba ya cin lokaci. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

To, mu koma kan magana. Tambayar da iyalai ke yi ita ce, za ta dawo kuwa?

Ku tuna yadda ruwan damina ke yanke hanyar ƙauye. Kaya na nan jibge, kasuwa na nan, hanya ce ta yanke. Sai mai babur ɗaya ya zagaya ta gefen gona. Gobe wani ya bi. Jibi amalanke ta bi. Kafin kaka, turba ta fito. Haka ƙwaƙwalwa take. Kalmomin na nan a ajiye, hanyar ɗauko su ce ta lalace. Sassan da suka tsira suna iya koyon aikin, amma sai an yi ta bi, an yi ta bi. Turbar da ba a bi, ciyawa ce ke rufe ta.

An fi samun sauƙi da sauri a watannin farko. Amma ko bayan shekara, ko shekaru, mai yin atisaye na ci gaba da samun ƙari. A 2016 masana a Birtaniya sun tattara gwaje-gwaje fiye da 50 da aka yi a ƙasashe daban-daban. Suka ga waɗanda aka koya wa magana sun fi waɗanda aka bari haka nan iya biyan buƙatunsu na zance. A Amurka an yi wata 'yar majalisa, Gabrielle Giffords, da aka harba a ka a farkon 2011. Harsashin ya ratsa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, magana ta ɗauke. Aka yi ta koya mata, har da rera waƙa. Bayan shekara biyu ta zauna gaban 'yan majalisar dattawan ƙasarsu ta yi jawabi. A hankali ta yi shi, gajere kuma, amma da bakinta.

Ba zan yaudare ku ba. Ba kowa ne maganarsa ke komawa kamar da ba. Ya danganta da girman lahanin da wurin da ya taɓa. Wani ya warke sarai. Wani ya tsira da kalmomi kaɗan. Amma ko wannan na biyun, ana iya kai shi matsayin da zai faɗi abin da yake so, ya ƙi abin da ba ya so, ya yi gaisuwa, ya yi raha da jikokinsa. Wannan ita ce manufar aikin.

Yanzu sai mu zo ga masu wannan sana'a.

Kamar yadda ake da masu gashin ƙashi, haka ake da ƙwararrun koyar da magana. Karatu ne na jami'a, kuma a Najeriya akwai hukumar da ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashin. Idan aka kai musu majiyyaci, sukan fara da gwaji. Me yake ganewa? Me yake iya faɗa? Yana iya maimaitawa? Yana iya karatu? Sai su tambayi iyali, wane ne wannan mutum kafin ciwo? Manomi ne, ko tela, ko ladan? Domin kalmomin da zai fara nema su ne na rayuwarsa.

Dabarunsu na da yawa. Idan sunan abu ya ƙi zuwa, sai su zagaya da shi. Me ake yi da shi? A ina ake ajiye shi? Ko su ba shi farkon kalmar, ya ƙarasa. Akwai kuma dabarar da likitoci a birnin Boston na Amurka suka fito da ita a 1973. Sun lura cewa wanda ya kasa magana sau da yawa yana iya rerawa. Sai suka riƙa sa majiyyaci ya rera gajeruwar jimla, ana buga masa amo da hannun hagu, a hankali a janye rerawar a bar maganar.

Matsalarmu ita ce irin waɗannan ƙwararru ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Duk da haka a tambaya. Idan kuna Babban Asibitin Kazaure, ko na Babura, ku ce wa likita, "Likita, maganar fa, ina za mu kai shi?" Ku nemi takardar turawa. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke. A can ku nemi a haɗa ku da mai koyar da magana. Ko sau ɗaya kuka samu ganinsa, ku tafi da wanda ke jinyar a gida. Ya kalla, ya tambaya, ya ɗauka a waya idan an yarda.

Dalilin da ya sa na ce haka shi ne, ko mai koyarwar na kusa, sa'a guda zai ba ku. Sauran yinin naku ne. Don haka babban aikin a tsakar gida yake. A nan zan daɗe, ku gyara zama.

Ku fara da abin da bai ɓace ba. Abin da baki ya saba da shi tun ƙuruciya yakan tsira. Sau da yawa mutumin da ya kasa faɗin sunansa, idan aka ja masa Fatiha sai ya bi. Idan aka ce ɗaya, biyu, sai ya ce uku. Idan aka ce Asabar, Lahadi, sai Litinin ta fito. Mu Hausawa kuma Allah Ya ba mu gaisuwa mai tsawo, mai tsari, wadda ba ta sauyawa. "Baba, ina kwana?" Ku dakata. "An tashi lafiya?" Ku dakata. "Yaya ƙarfin jiki?" Wannan gaisuwa darasi ce cikakkiya. A yi ta da safe, a yi ta da yamma, fuska da fuska. Ranar da "lafiya lau" ta fito daga bakinsa, a nuna masa an ji, an kuma yi murna.

Na ce ku dakata, kuma da gaske nake. Jira shi ne abin da ya fi yi mana wuya. Muna ganin yana fama, tausayi ya kama mu, sai mu faɗa masa kalmar. Ko mu juya ga matarsa mu ce, "Me yake cewa?" Ku ba shi lokaci. Ku ƙirga goma a zuci. Idan ya dube ku yana neman agaji, sannan ku taimaka, da farkon kalmar kawai. Kuma a bar ɗaga murya. Kunnensa lafiya lau. A yi magana a hankali, jimla gajera, batu ɗaya.

Sai yadda ake tambaya. Idan aka ce, "Inna, me za a kawo miki?" an jefa ta cikin daji. A ce, "Inna, koko ko shayi?" A nuna mata kofunan biyu. Ta faɗa, ko ta nuna, duk amsa ce. Ku kuma sani, "i" da "a'a" sukan sarƙe wa mai wannan lalura. Yana nufin a'a, bakinsa ya ce i. Don haka a kan abu mai muhimmanci a sake tambaya ta wata fuskar. A haɗa da girgiza kai, ko nuni da yatsa.

Kayan aikin kuwa suna nan a ɗakinku. Buta, carbi, hula, goro, cokali, tabarma. A ɗauki biyar a mako. A nuna, a faɗa, ya maimaita, a sa a jimla. "Ba ni buta." Ga mace, a zaunar da ita kusa da murhu lokacin girki. Kuka, daddawa, manja, muciya. Waɗannan kalmomin ta shekara da shekaru tana faɗarsu, sun fi kusa da bakinta. Yaro mai waya ya ɗauki hotunan 'yan gida, da masallacin unguwa, da gona, da banɗaki, da kantin magani. Wanda ba shi da waya, a samo littafin ɗan makaranta a zana, ko a liƙa hotuna. Idan kalma ta ƙi, yatsa ya nuna. Kada a ji tsoron nuni zai hana magana dawowa. Yana rage ƙunci, kuma sau da yawa yakan jawo kalmar.

Kaɗan-kaɗan ake yi. Kwata ɗaya bayan karin kumallo, kwata ɗaya bayan la'asar, kullum. Ya fi a tara masa sa'a uku ranar Juma'a. Idan ya gaji a tsaya. Lokacin darasi a kashe talabijin, a kashe rediyo, a sallami yara su yi wasa a waje. Hayaniya na toshe masa fahimta. 'Yan dubiya ma a tsara su. Mutum goma a ɗaki, kowa na magana, wahala ce gare shi. Mutum ɗaya ya yi magana, saura su saurara.

A yankinmu akwai gidajen Fulani da yawa. Idan majiyyaci da Fillanci ya tashi, a gwada masa Fillanci. Mai harshe biyu ko uku, wani lokaci ɗaya kan riga saura dawowa. Duk wanda ya fara fitowa, a kama shi.

Akwai kuma abin da iyalai ke jin kunyar faɗa. Dattijon da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba, yanzu ita ce ke fita. Ko ya fashe da kuka ba dalili. Ciwon ne ke sa haka. Ba halinsa ne ya sauya ba. A kau da kai, kada a bari yara su yi dariya, kada kuma a yi masa faɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato mutunci.

Maigida ne jiya, ba a yanka ko kaza sai da saninsa. Yau ana zancen sayar da gonarsa a gabansa, kamar ba ya wurin. Ana sa ranar 'yarsa ba a tambaye shi ba. Ana magana da shi da muryar da ake yi wa jariri. Jama'a, yana ji, yana gani, abin na cin zuciyarsa. Hankalinsa na nan. A zauna da shi. A kawo maganar guntu-guntu. A nuna masa takarda, a zana, a tabbatar ya gane, a tabbatar an gane amsarsa. Ɗansa ya ce, "Baba, gonar fadama ce. A sayar, ko a bari?" Sannan a jira. Haƙƙinsa ne, ciwo bai ɗauke masa shi ba.

Kada kuma a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Masu wannan lalura na yawan faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma kaɗaici ke ƙara shi. Abokan majalisa, ina kuke? Ku shimfiɗa tabarmar a ƙofar gidansa. Ku yi hirar damina da farashin taki, ku riƙa juyowa kuna cewa, "Ko ba haka ba, Alhaji?" Matan unguwa, ku shiga wurin Hajiya da tsinkenku da zarenku, ku zauna. Idan ana iya kai shi masallaci, a kai shi. Idan kuka ga ya daina cin abinci, ya daina sha'awar komai, ku gaya wa likita, domin wannan ma yana da magani. Mai jinya ita ma a tausaya mata. Yawanci mace ɗaya ce aka bar wa komai. A karɓe ta, ta huta.

Kafin in sallame ku, ina da kira ga hukuma.

Ma'aikatar lafiya ta Jigawa da ke Dutse na iya yin abubuwan da ba su fi ƙarfinta ba. A ɗauki nauyin 'ya'yanmu su karanto wannan fanni, su dawo su yi aiki da Hausa. Kafin su dawo, a ba ma'aikatan asibitocin karkara na Roni da Gwiwa da sauransu horo na 'yan kwanaki, su san abin da za su gaya wa iyali ranar sallama. A buga ɗan littafin hotuna da Hausa, boko da ajami, domin yawancin kayan gwaji da na koyarwa da Turanci aka shirya su, da hotunan abubuwan da tsohuwa a ƙauye ba ta taɓa gani ba. A kuma ware rana guda a wata da masu wannan lalura za su haɗu da iyalansu a asibiti. Wanda ya ga ɗan'uwansa na fama da irin nasa, yakan sami ƙarfin buɗe baki. Masu hannu da shuni na masarautunmu, da limamai, da masu unguwanni, kowa na da abin da zai iya a nan.

Kai kuma mai saurarona, na san tun ɗazu akwai wanda ya faɗo maka a rai. Maƙwabci ne, ko kawu, ko goggo. Ka je gobe da hantsi, lokacin da jiki bai gaji ba. Ka zauna daidai fuskarsa. Ka gaishe shi da sunan girmansa, ka jira amsa ko ta daɗe. Ka gaya wa mutanen gidan abin da ka ji yau. Masu jinya, Allah Ya saka muku da alheri. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah Ya ba ku sauƙi.